'Yata ta ce aikin injiniya na maza ne: halitta ce ko mu muka koya mata?

Wani mahaifi ya aiko da wannan tambaya: "'Yata shekararta 14. Tun tana firamare ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi, kuma ita ce mai kwance mana fitila da rediyo don ta ga abin da ke ciki. Bana kwatsam ta ce ta fasa karatun injiniya, wai aikin maza ne. Ba wanda ya hana ta. Wani abokina ya ce in ƙyale ta, haka aka halicci mata, ba su da sha'awar irin waɗannan abubuwa. Shin gaskiya ne, ko akwai abin da muke yi wa yara ba mu sani ba?"

Malam, Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Na daɗe ina koyar da fizik a sakandare kafin na koma horar da malaman kimiyya, kuma wannan magana ta 'yarka na ji ta har na gaji da ji. Galibi tsakanin shekara 12 zuwa 15 take fitowa, kuma abin takaici, sau da yawa daga bakin yarinyar da ta fi kowa gane darasin.

Na yarda da kai cewa ba wanda ya hana ta. Ai da hani ne, da abin ya zo da sauƙi, sai mu nemi mai hanin mu ba shi baki. Abin da ke faruwa ya fi haka laushi, shi ya sa yake da wuyar kamawa. Yaro na tasowa yana tattara labarin ko su wane ne ke yin wane aiki: daga hotunan littafin makaranta, daga talla, daga wanda ake kira idan fanka ta tsaya da wanda ake kira idan jariri ya yi kuka. Ba wanda ya zaunar da shi ya biya masa, amma kafin ya gama firamare ya haddace. Wannan kuɗin goro da ake yi wa maza da mata, a ce duk mace ga abin da take so, duk namiji ga nasa, masu bincike sun shafe shekaru da dama suna auna shi, kuma abin da suka gano ya shafi 'yarka kai tsaye.

Maganar iyawa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A 2008 Janet Hyde da abokan aikinta sun duba sakamakon jarrabawar lissafi ta ɗalibai kimanin miliyan 7 a jihohi 10 na Amurka, suka tarar matsakaicin maza da na mata kusan ɗaya ne. A jarrabawar PISA ta 2018, wadda ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, a ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda galibinsu masu arziki ne, maza sun fi mata da maki 5 a lissafi, mata sun fi maza da maki 2 a kimiyya, a ma'aunin da matsakaicinsa ke kusa da 500. Wannan ba tazara ba ce da za ta raba mutane gida biyu. A fahimtar karatu kuwa mata sun ba maza ratar maki 30, kuma ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

To amma abokinka bai ce mata ba su iya ba. Cewa ya yi ba su da sha'awa, kuma a nan gizo ke saƙar. Sai an yi masa adalci, domin akwai abin da ya hango. A 2009 Rong Su da James Rounds da Patrick Armstrong sun tattara amsoshin mutane sama da 500,000 da aka tambaya irin aikin da suke so, suka tarar a jimlace maza sun fi karkata ga aiki da kaya da na'urori, mata kuma ga aiki da mutane, kuma bambancin babba ne. PISA ta 2015 ma ta nuna haka: kusan ɗaya cikin huɗu na maza da ɗaya cikin huɗu na mata sun ce suna sa ran yin aikin da ya danganci kimiyya, amma da aka ce wane iri, sai hanya ta rabu. 'Yan mata sun ninka samari kusan sau uku wajen zaɓen likitanci da jinya da makamantansu, samari sun ninka 'yan mata fiye da sau biyu wajen zaɓen injiniya da binciken kimiyya da zanen gine-gine. A aikin kwamfuta da sadarwa, kashi 4.8 cikin 100 na samari ne suka ambata, 'yan mata kashi 0.4 kacal. Duk wanda ya ce maka babu bambancin sha'awa, bai duba alƙaluman ba.

Inda ni da abokinka muka rabu shi ne daga ina sha'awar ta fito. Shi yana ɗaukarta kamar launin ido, abin da aka haifi mutum da shi. Idan haka ne, ya kamata mu same ta daram, ba ta motsi daga zamani zuwa zamani, ko daga ƙasa zuwa ƙasa. Sai ga shi tana motsi, motsi ma ba kaɗan ba.

Ɗauki kwamfuta. Lokacin da aka kammala ENIAC a Jami'ar Pennsylvania, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, aka nuna ta ga jama'a a 1946, mata shida ne suka tsara mata yadda za ta yi lissafi. A lokacin ana ganin wannan aiki ɗan'uwan aikin akawu ne, don haka na mata ne, maza kuma su ne masu ƙera na'urar. A 1984 mata sun kai kashi 37 cikin 100 na masu samun digirin farko a ilimin kwamfuta a Amurka. Daga nan abin ya dinga zamewa har ya sauka kusan kashi 18 a wajajen 2010, a daidai shekarun da yawan mata ke ta ƙaruwa a likitanci da lauya a wannan ƙasa ɗin. Me ya faru? Ɗaya daga cikin manyan dalilan da ake kawowa shi ne shigowar kwamfutar gida, wadda aka tallata a matsayin abin wasan samari, aka fi saya wa 'ya'ya maza. Sai ya zama ranar farko a ajin jami'a yaro ya zo da shekaru na wasa da na'urar, yarinya kuma ta zo da ƙwaƙwalwarta kawai, malami kuma ya ɗauki sabo a matsayin baiwa.

Ga kuma bambancin ƙasashe. Rahoton kimiyya na UNESCO na 2021 ya ce a duniya baki ɗaya mata kashi 28 ne cikin 100 na masu kammala karatun injiniya. Amma a Aljeriya sun haura kashi 48, a Tunisiya kashi 44, alhali a Amurka kashi 20 ne, a Japan 14. A Maleshiya, masu binciken da suka je can a shekarun 2000 sun tarar mata sun kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta a jami'a, kuma mutane na kallonsa aikin da ya dace da mace, tunda a ofis ake yi, cikin inuwa. Aiki ɗaya, a nan na maza, a can na mata. Halitta ba ta sauyawa cikin shekara 25, ba ta kuma tsayawa a bakin iyaka a duba mata fasfo.

A kan waɗannan alƙaluma an yi wata muhawara mai zafi da ya kamata ka sani, domin abokinka zai iya kawo maka ita. A 2018 Gijsbert Stoet da David Geary sun ce a ƙasashe masu arziki da suka fi daidaita haƙƙin maza da mata, irin su Finlan da Norwe, a nan ne mata suka fi ƙauracewa waɗannan fannoni. Wasu suka ce to ai ga hujja, da aka sakar wa mace mara sai ta bi halittarta. Wasu masana kuma suka soki yadda aka yi lissafin, har aka fitar da gyara. Sannan a 2020 Thomas Breda da abokansa suka nuna cewa a irin waɗannan ƙasashen masu arziki ne tunanin "lissafi ba na mata ba ne" ya fi kama zukatan matasa. Ni abin da na ɗauka shi ne, inda ake gaya wa yaro ya bi abin da zuciyarsa ke so, to abin da aka riga aka zuba a zuciyar shi zai bi. Inda kuwa ake kallon digirin injiniya a matsayin hanyar samun abin dogaro da kai, iyaye ba sa tsayawa tambayar ko na maza ne.

Yanzu ga yadda abin ke shiga kan yaro. Tsakanin 1966 da 1977 David Chambers ya sa yara 4,807 su zana masa masanin kimiyya. Guda 28 ne kawai suka zana mace, kuma dukkansu 'yan mata ne. Sauran kusan duk namiji ne, sau da yawa da farar riga da tabarau da gemu. An ci gaba da wannan gwaji shekara da shekaru, kuma a 2018 David Miller da abokan aikinsa suka haɗa bincike 78 na yara fiye da 20,000 a Amurka. An samu ci gaba, domin daga 1985 zuwa 2016 a kusan kashi 28 cikin 100 na zane-zanen, mace aka zana. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na shekaru. 'Yan mata 'yan shekara 6, kashi 70 cikin 100 na zanensu mace ce. Zuwa shekara 16 ya koma kashi 25. Yarinya ta shiga makaranta tana zana kanta, ta fito tana zana wani.

Lin Bian da Sarah-Jane Leslie da Andrei Cimpian sun matso kusa da lokacin da abin ke juyawa. A bincikensu na 2017 sun ba yara labarin wani mutum mai matuƙar kaifin basira, ba su faɗi ko namiji ne ko mace ba, sannan suka nuna hotunan maza biyu da mata biyu suka ce wane ne. 'Yan shekara 5, kowa na jinsinsa yake nunawa. Daga shekara 6, 'yan mata sun fara ja da baya. Abin mamaki, idan aka tambayi waɗannan 'yan matan su wa suka fi cin jarrabawa a makaranta, sai su ce mata. Wato tun a wannan shekarun sun raba abu biyu: cin maki daban, basira daban. Da aka kawo musu wasanni biyu, aka ce ɗaya na yara masu tsananin basira ne, ɗaya na yara masu tsananin ƙoƙari, 'yan matan ba su guje wa na ƙoƙari ba, na basirar suka yi sanyi da shi.

Binciken da na fi so ka ji shi ne na Allison Master da Andrew Meltzoff da Sapna Cheryan, na 2021, domin kalmar abokinka ce suka ɗora a kan ma'auni. Sun tambayi yara da matasa fiye da 2,200 a Amurka, daga ajin farko na firamare har ƙarshen sakandare. Kashi 51 cikin 100 sun ce 'yan mata ba su kai samari sha'awar kwamfuta ba, kashi 63 sun faɗi haka game da injiniya. Yaran sun fi yarda da wannan fiye da yadda suka yarda cewa mata ba su iya ba, kuma yarinyar da ta fi yarda da shi ita ta fi jin cewa ba wurinta ba ne, ita kuma ta fi rashin sha'awa. Za ka iya cewa to ai gaskiya yaran suka gani suka faɗa. Shi ya sa masu binciken suka yi gwaji. Suka kawo wa 'yan shekara 8 da 9 sababbin ayyuka biyu da ba su taɓa gani ba. A kan ɗaya aka ce musu 'yan mata ba su cika sha'awarsa kamar samari ba, a kan ɗayan aka ce kowa na sonsa daidai. Sai aka ce su zaɓi wanda za su tafi da shi gida. Kashi 35 cikin 100 na 'yan matan ne suka ɗauki na farko, 65 suka ɗauki na biyu. Jimla ɗaya ce tak ta yi wannan aiki, a kan abin da yarinyar ba ta da wani tarihi da shi.

Ka ga ke nan "mata ba su da sha'awa" magana ce mai haifar da abin da take faɗa. Kuma ta fi "mata ba su iya ba" haɗari, saboda ba ta yi kama da zagi ba. Idan aka ce wa 'yarka ba za ta iya ba, mai yiwuwa zuciya ta ɗebe ta ta ce sai ta nuna musu. Idan kuwa aka ce irinta ba sa son abin, da wa za ta yi faɗa? Sai kawai ta waiwaya ta ga ba ƙawarta ko ɗaya a wurin, ta tattara littattafanta ta bi su. A shekara 14 zama ita kaɗai ya fi faɗuwa jarrabawa ciwo.

Bari in faɗi nawa laifin. Shekarun farko na koyarwata, idan muka shiga ɗakin gwaje-gwaje sai in raba yara rukuni-rukuni in ba su batir da waya da ƙwan fitila da mitar auna lantarki, in ce su haɗa. Kafin in juya baya hannayen samari sun rufe kayan. Yarinyar rukunin kuma an miƙa mata biro da takarda, wai rubutunta ya fi kyau. Ita ke zana jadawali, ita ke rubuta lambobin da ake karanto mata, sau da yawa ma ita ke gano cewa lissafin bai fita ba. Ni kuma ina zagayawa ina jin daɗi, aji ya yi tsit, kowa na aiki. Sai ranar jarrabawar gwaji, da aka ba kowa kayansa shi kaɗai, na ga yarinyar da ta fi kowa maki a rubuce ta tsaya riƙe da wayoyi biyu, ja da baƙa, tana kallon mitar kamar za ta cije ta. Ta san dokar Ohm ta lissafin lantarki ciki da waje, amma zango biyu ba ta taɓa juya makunni da hannunta ba. Da ta fito ta ce mini, "Ni dai ban iya abin hannu ba." Ba ta ce ba a ba ta ba, cewa ta yi ba ta iya ba, kuma a gabana aka yi komai. Daga ranar na fara juya aiki a kowane rukuni, wanda ya rubuta yau shi zai haɗa waya gobe, ko rubutun nasa kamar tafiyar kaza ne.

Na kuma kama bakina da wani abu. Idan yaro ya warware tambaya mai wuya sai in ce kai, wannan akwai kai. Idan yarinya ce sai in ce madalla, kin yi ƙoƙari. Duka yabo ne, amma ba saƙo ɗaya suke ɗauke da shi ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Kevin Crowley da abokan aikinsa sun naɗi hirar iyaye da 'ya'yansu a wani gidan baje kolin kimiyya na yara a Kalifoniya, suka wallafa a 2001. Iyayen suna nuna wa maza da mata yadda ake taɓa kayan daidai wa daida, amma bayanin dalilin da ya sa abu ke faruwa, sun ninka yi wa 'ya'ya maza sau uku. Waɗannan fa iyaye ne da suka ɗauko 'ya'yansu mata takanas suka kawo su kallon kimiyya. A Isra'ila, Victor Lavy da Edith Sand sun kwatanta makin da malaman firamare suka ba ɗalibansu da makin jarrabawar waje da mai dubawa bai san sunan yaro ba. A lissafi, 'yan mata sun fi a wadda ba suna, samari sun fi a wadda malaminsu ya duba. Da suka bi yaran har sakandare, 'yan matan da suka faɗa hannun malamai masu irin wannan karkata sun fi ƙin ɗaukar manyan darussan lissafi da kimiyya. Akwai kuma wani ƙaramin bincike na Sian Beilock a 2010, da malamai mata 17 na ƙananan azuzuwa, wanda ya nuna malamar da ita kanta ke tsoron lissafi, zuwa ƙarshen shekara 'yan matan ajinta sun fi yarda cewa lissafi na maza ne. Don haka idan akwai babba a gida mai yawan cewa "ni ma ban taɓa gane lissafi ba" cikin raha, a roƙe shi ya rage, musamman idan mace ce da yarinyar ke koyi da ita.

Maganar basira ba ta tsaya a yara ba. A 2015 Leslie da Cimpian sun tambayi malaman jami'a da ɗaliban manyan digiri 1,820 a fannoni 30 ko fanninsu na buƙatar wata baiwa da ba a koyar da ita. Duk fannin da mutanensa suka fi cewa e, a nan mata suka fi ƙaranci a digirin digirgir. Shi ya sa a lokacin a Amurka mata suka haura rabi a wani reshe na kimiyyar halittu, amma ba su kai kashi 20 cikin 100 a fizik ba, kuma falsafa, wadda ba kimiyya ba ce ma, tana fama da irin wannan ƙaranci. Duk lokacin da na ji ana maganar baiwa sai in tuna Maryam Mirzakhani 'yar Iran, mace ta farko da ta samu lambar Fields, babbar lambar yabo ta lissafi, a 2014. Tana yarinya marubuciya take son zama. Shekararta ta farko a ƙaramar sakandare ba ta taɓuka abin kirki a lissafi ba, malamarta ba ta ga wata baiwa a tare da ita ba. Shekara ta gaba aka canza malami, aka ƙarfafa mata gwiwa. A 1994 da 1995 ta ci zinare a gasar lissafi ta duniya, karo na biyu ba ta zubar da maki ko ɗaya ba.

Na ce ka riƙe ratar nan ta maki 30. Breda da Clotilde Napp sun duba bayanan 'yan shekara 15 kimanin 300,000 a ƙasashe 64, suka nuna a 2019 cewa yarinyar da ta ƙware a lissafi galibi ta fi ma ƙwarewa a karatu da harshe, yaron da ya ƙware a lissafi kuwa sau da yawa shi ne abin da ya fi iyawa. Yara kuma ba da sauran 'yan aji kaɗai suke auna kansu ba, suna auna darasi da darasi. Sai ka ga yarinya mai 80 a lissafi da 90 a harshe ta yanke cewa ita ba 'yar lissafi ba ce, yaro mai 70 da 55 kuma ya tashi yana jin shi injiniya ne. Duba katin sakamakon 'yarka, ba mamaki haka yake.

Ba duk abin da ake yaɗawa a wannan fage nake saye ba. An daɗe ana cewa idan ka tuna wa mace cewa ana ganin mata ba su iya lissafi ba dab da jarrabawa, makinta zai faɗi nan take. Wani gwaji na 1999 ne ya shahara da wannan. Amma da aka sake shi da ɗalibai 2,064 a Holan, aka wallafa a 2018, ba a ga tasirin ba. A ganina ɓarnar kuɗin goro ba a zauren jarrabawa take ba, tana wurin zaɓi: wane darasi zan ɗauka, wace ƙungiya zan shiga, wa zan zama.

Sannan kada ka ce wa 'yarka abin da ta hango ƙarya ne gaba ɗaya, za ta gane kana lallashinta ne. A 2012 Corinne Moss-Racusin ta aika wa malaman kimiyya 127 na jami'o'in Amurka takardar neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje, iri ɗaya sak, sai dai wasu an sa suna John, wasu Jennifer. An fi ganin cancantar John, aka yanka masa albashin dala 30,238 a shekara, ita kuma 26,508, kuma malamai mata ma haka suka yi. Yarinya mai wayo tana jin ƙanshin irin wannan tun daga nesa. Gara ka ce mata e, akwai wuraren da za ta zama ita kaɗai mace, akwai kuma waɗanda suka bi hanyar suna nan lafiya.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne yadda alƙaluman ke saurin juyawa idan an gyara ƙofar shiga. Jami'ar Carnegie Mellon ta daina fifita waɗanda suka riga suka iya rubuta manhaja wajen ɗaukar ɗaliban kwamfuta, ta kuma horar da malaman sakandare, sai mata suka tashi daga kashi 7 cikin 100 na sababbin ɗalibai a 1995 zuwa 42 a 2000. Kwalejin Harvey Mudd ta raba ajin farko gida-gida, don kada 'yan tsirarun da suka daɗe da kwamfuta su cika aji da surutu su tsorata sauran, ta kuma mayar da darasin kan warware matsalolin gaske. Daga kusan kashi 10, mata suka kai kashi 55 na masu kammala kwamfuta a 2016. Ba a sauƙaƙa karatun ba a ko ɗaya daga cikinsu.

A Faransa kuma an gwada aika mata masana kimiyya da injiniyoyi su yi awa ɗaya kacal a aji, a makarantu 98 na yankin Paris, da ɗalibai kusan 20,000. 'Yan matan ajin ƙarshe da aka ziyarta sun fi shiga manyan kwasa-kwasan kimiyya da maza suka mamaye. Amma ga wani darasi da masu shirya taruka ba sa son ji: baƙin da suka fi tasiri su ne waɗanda suka yi maganar aikin kansa, me suke yi da safe, wace matsala suke warwarewa, ba waɗanda suka cika kukan ƙarancin mata ba. Idan ka yi ta nanata wa yarinya cewa mata ba su da yawa a wuri, kana iya zama kai ne mai tallata mata maganar abokinka. Saboda wannan dalilin ne ma ba na son a yi ta jefa wa yara sunan Marie Curie. Wadda ta ci lambar Nobel sau biyu abar sha'awa ce, amma yarinya na iya kallonta ta ce to ai sai irin waɗannan. Injiniyar ruwa ko ta lantarki mai shekara 28, wadda ta taɓa faɗuwa wata jarrabawa ta sake, ta fi amfani a wurinta. Idan za ka iya samo irin wannan su zauna ko na awa ɗaya, ka yi.

Idan kuma abin da ke jan 'yarka shi ne son taimakon mutane, kamar yadda yake ga 'yan mata da yawa da samari ma ba kaɗan ba, to a nuna mata cewa injiniya ne ya ƙera na'urar ɗumama jariri bakwaini, shi ya kai ruwa mai tsabta cikin famfo. Mu malamai mun cika gabatar da fannin da motoci da rokoki, kamar babu mutum a ƙarshensa. Kalma ma tana da nata. Marjorie Rhodes ta nuna a 2019 cewa ƙananan 'yan mata sun fi dagewa a kan aiki mai wuya idan an ce musu "mu yi kimiyya" fiye da idan an ce "mu zama masana kimiyya". Na farko aiki ne da kowa zai iya sa hannu, na biyu riga ce da sai ta tsaya duba ko ta yi mata daidai.

Kuma idan kana da ɗa namiji, shi ma ka sa masa ido. Kusan kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan jinya a duniya mata ne, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020, kuma yaron da ya ce yana son jinya ko koyar da ƙananan yara, dariyar da ake yi masa ta fi wadda ake yi wa mace injiniya zafi.

Game da 'yarka, kada ka ja da ita, kada kuma ka mayar da injiniya wani buri naka da za ta cika maka, domin 'yar shekara 14 idan aka matsa mata gabas yamma take yi. Tana iya ƙarewa likita ko lauya ko marubuciya da zuciya ɗaya, kuma ba asara a ciki. Ka tambaye ta cikin hira, ba a zaman tuhuma ba, a ina ta fara jin cewa na maza ne, su wa ke riƙe kaya a ɗakin gwaje-gwajensu, 'yan mata nawa ne a ajin da take tunanin shiga. Idan wani abu ya lalace a gida, ita za ka kira, ka miƙa mata sukundireba ka koma gefe, ko da za ta ɗauki awa biyu a kan abin da za ka gama cikin minti goma. Abu ɗaya ne kawai zan ce ka tsaya a kansa da ƙarfi: lokacin zaɓen darussa, kada ta ajiye lissafi mai zurfi da fizik. Wadda ta riƙe su tana iya juyawa ta karanci kusan duk abin da ta ga dama a shekara 18, wadda ta ajiye su a 14 kuwa dawowa na yi mata wuya ƙwarai. Ka je ka ga malamin da ke kula da zaɓen kafin a cike takardar, ka kuma tambaye shi ko shi me ya gaya mata.